Kalmar “charge” ta Ingilishi da “caji” ɗinmu: wasiƙa daga Maraɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata jimla guda da na gani a jaridarku kwanakin baya, a cikin labarin wasu direbobin manyan motoci da aka tsayar a hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Jibiya zuwa Ɗan Isa. Jimlar ta ce jami'ai sun tare direbobin “kuma an caje su”. Mun karanta labarin a majalisarmu ta bayan la'asar, kuma kafin a kira magariba mun rabu gida uku a kan waɗannan ƴan kalmomi. Wani ɗan kasuwa daga cikinmu ya ce ai maganar a fili take, kuɗi aka karɓa daga hannunsu. Wani dattijo da ya yi aikin kotu har ya yi ritaya ya ce sam, tuhumarsu aka yi da laifi, kuma gaban alƙali za a kai su. Na ukun, wanda shi kansa tsohon direba ne, ya ce an dai lalube aljihunansu ne an bincika kayan da suka ɗauko, daga nan aka sallame su. Kowannensu yana da hujja, domin Bahaushe yana faɗin “an caje shi” a duk waɗannan wurare uku, amma mai karatun da ya buɗe jarida don ya san abin da ya faru bai sani ba har yau.

Na koyar da Ingilishi shekaru masu yawa a makarantun sakandare na jihar Maraɗi, kuma da gangan nake cewa Ingilishi, domin a wajenmu idan mutum ya ce Turanci sai an tambaye shi wanne, na Faransa ko na Ingila. A tsawon waɗannan shekaru ban ga kalmar da ta wahalar da ɗalibaina kamar “charge” ba, kuma wahalar tasu ta fi ta ɗaliban Kano ko Zariya, saboda yaron Maraɗi yana haɗuwa da kalmar nan ta ƙofa uku. Yana jin ta a Faransancin da ake koyar da shi da shi tun daga firamare, yana jin ta a Hausar rediyo da finafinai da kasuwa a matsayin caji, sannan ya zo ajin Ingilishi ya tarar da ita da harufan da ya saba gani, sai ya ɗauka tsohuwar sananniya ce. Ma'anonin nan uku kuwa sun yi tarayya a wasu wurare, sun raba hanya a wasu, kuma a inda suka raba hanyar ne mutane suke yin asara.

Asalin kalmar kaya ne, kayan da ake ɗora wa abin hawa. Romawa sun ari kalmar “carrus” daga mutanen Gol, waɗanda suka zauna a ƙasar da ta zama Faransa, kuma ma'anarta keken ɗaukar kaya, kusan abin da muke kira amalanke. Daga ita Latin na baya-baya ya ƙera aikatau “carricare”, wato yi wa amalanke lodi, shi ne ya zama “charger” a bakin Faransawa. Bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a shekarar 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na kotu a can na tsawon ƙarnoni, har sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi, kuma a cikin wannan zamani ne dubban kalmomin Faransanci suka shiga Ingilishi, ciki har da wannan, wadda ta bayyana a rubuce tun wajen ƙarni na 13. Danginta suna da yawa: “car” da ake nufin mota, da “carry” da ake nufin ɗauka, da “cargo” da ake nufin kayan jirgi, da kuma “charrette” ta Faransanci, wato amalanken jaki ko na shanu da ke shigo da gero da kara cikin Maraɗi kowace safiya. Duk gidansu ɗaya.

Wanda ya riƙe wannan asali ya riƙe linzamin kalmar, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature sauƙin fahimta, domin harshenmu ya bi wannan hanya da ƙafarsa ba tare da ya kwaikwayi kowa ba. Muna ɗora wa jaki kaya, ko mu aza masa kamar yadda muka fi faɗa a nan ƙasar Katsina da Gobir. Da wannan aikatau ɗin ne kuma hukuma take aza wa talaka haraji, maƙwabci yake aza wa maƙwabcinsa laifi, uba yake ɗora wa babban ɗansa nauyin ƙannensa. Kaya ne na zahiri a farko, sannan kuɗi ya zama kaya, laifi ya zama kaya, amana ta zama kaya. Waɗanda suka yi karatun Larabci za su tuna cewa “hamala” ɗauka ce, amma idan aka ce “hamala alaihi” to ya afka masa ne da yaƙi, kuma kalmar “shahn” da Larabawa suke amfani da ita wajen yi wa jirgi lodi ita ce dai suke amfani da ita yau wajen cika batirin waya. Na kan fara darasina da wannan, in ce wa yara kada su haddace ma'anoni goma sha biyar kamar jerin sunayen garuruwa, su tambayi jimlar abu biyu kawai: mene ne aka aza, kuma wa aka aza wa?

Abin mamaki shi ne ma'anar farkon, ta lodin mota, ta kusa mutuwa a Ingilishin yau, alhali a Faransanci tana nan da ranta. Bafaranshe yana cewa “charger le camion”, amma mai jin Ingilishi “load” yake cewa, kuma daga nan ne Hausar tasha ta sami lodi da obalodi. Na taɓa jin wani ɗan kasuwarmu yana ba direba ɗan kudancin Najeriya umarni da Ingilishin da ya harhaɗa daga Faransanci, yana ce masa “charge the lorry”, direban ya tsaya yana kallonsa, daga bisani ya tambaye shi ko batirin motar yake nufi. Wannan ya ƙare da dariya. Wanda bai ƙare da dariya ba shi ne na wani maƙwabcina mai shigo da kaya daga tashar jirgin ruwa, wanda ya sami takardar biyan kuɗi da aka rubuta “fuel surcharge” a kanta. Shi a saninsa “surcharge” obalodi ne, domin haka yake a Faransanci, saboda haka ya kwashe kwanaki yana aika wa kamfanin da takardun awo yana rantsuwa cewa kayansa ba su wuce nauyin da aka ƙayyade ba, alhali su ƙarin kuɗi suke nema saboda tsadar mai. Kafin ya kawo mini takardar in karanta masa, kuɗin ajiya na kwanakin da kayan suka yi a tasha ya hau kansa.

Ma'anar da kowane yaro ya sani yau ita ce ta wutar lantarki, kuma ita ce ƙarama a shekaru. A 1745 da 1746 masu bincike a Turai suka gano cewa ana iya tara wutar lantarki a cikin kwalbar gilashi, wadda aka sa wa sunan garin Laidin na ƙasar Holan. A wancan lokaci masana sun ɗauka lantarki wani irin ruwa ne da ba a gani, wanda ake ɗurawa a kwalba har ta cika, shi ya sa Benjamin Franklin na Amurka da abokan bincikensa suka yi amfani da kalmar da ake faɗa wa ɗura bindiga, suka ce an yi “charge” ɗin kwalbar, idan ta zubar da abin da ke cikinta kuma an yi “discharge”. Franklin ne kuma ya kira jerin irin waɗannan kwalabe “battery”, sunan da sojoji suke ba jerin igwogi. Batirin da ake iya sake cikawa bayan ya ƙare sai a 1859 Bafaranshe Gaston Planté ya ƙera shi da darma da ruwan asid, kuma jikokin wannan batir ne suke cikin motocinmu, shi kuwa na litiyam da ke cikin salula kamfanin Sony ne ya fara sayar da shi a 1991. Lambar da ake rubutawa a jikin batirin waya, kamar 5000 mAh, awon yawan abin da zai iya ɗauka ne. A wannan fage ba ni da ja da kowa. Caji ya zauna daram a Hausa, ya haifi caja, ya haifi sana'ar masu rumfar cajin waya da muke rugawa wajensu da ƴan dalolinmu duk ranar da aka ɗauke kuran, har ya kai muna cewa wata tambaya ta caza mana ƙwaƙwalwa. Wanda ya ce zai kore shi ya kawo “ɗurin lantarki” a madadinsa zai sha wahalar banza.

Fagen kuɗi shi ne na biyu. A Ingilishi idan makaniki ya ce “I charge five thousand”, yana nufin ladan aikinsa ke nan, kuma “charges” a takardar banki kuɗaɗen da bankin ya cire ne saboda hidimar da ya yi. “Free of charge” kyauta ne, “overcharge” tsawwalawa ce, “service charge” kuma kuɗin hidima ne da otal ko gidan abinci yake ƙarawa a kan farashi. Faransancin Faransa ba ya amfani da “charger” wajen neman kuɗin aiki, “facturer” ko “faire payer” yake cewa, kuma “les charges” a wajensa su ne ɗawainiyar da ke kan mutum ko kamfani, kamar kuɗin ruwa da wuta da albashin ma'aikata. Saboda haka “nawa aka caje ka?” daga Najeriya ta shigo mana, tare da naira da kayan masarufi. Ba na ƙin ta a bakin kasuwa, amma a rubuce muna da lada, da kuɗin aiki, da farashi, da la'ada, da kamasho, da haraji, da tara, da diyya, kuma kowace tana gaya wa mai karatu wani abu da caji yake ɓoyewa. Idan jami'i ya karɓi kuɗi a hannun direba, bambancin da ke tsakanin haraji da tara da cin hanci shi ne labarin gaba ɗaya, kuma jaridar da ta rubuta “an caje su” ta tsallake labarin ne ba ta ba da shi ba.

Inda abin ya fi damuna shi ne fagen shari'a, domin a nan mutuncin bayin Allah ne a kan sikeli. A tsarin shari'ar da Najeriya ta gada daga Ingila, “to charge someone with an offence” yana nufin hukuma ta rubuta a takarda cewa tana zargin wane da aikata laifi kaza, kuma za ta kai shi gaban kotu ta kawo hujja. Takardar ita ce “charge sheet”, ɗakin da ake rubuta ta a ofishin ƴan sanda shi ne “charge office”, wanda Hausawan Najeriya suka mayar caji ofis har ya zama sunan ofishin baki ɗaya, abin da mu a nan muke kira komisariya. Matakai ne daban-daban, kuma Ingilishi yana da kalma ga kowanne: “arrest” kamu ne, “charge” tuhuma ce, “convict” samu da laifi ne, “sentence” yanke hukunci ne. Mutumin da aka tuhuma bai zama mai laifi ba tukuna, a dokar Najeriya da ta Nijar duka, kuma a shari'ar Musulunci ma hujja tana kan mai ƙara ne. Amma na sha ganin an fassara “he was charged with theft” da cewa “an kama shi da laifin sata”, wanda a kunnen Bahaushe yake nufin an gama magana, ɓarawo ne. Mutum yana iya fitowa daga kotu bayan wata shida an wanke shi tas, ya tarar unguwa ta riga ta yanke masa hukunci, an fasa ba ɗansa aure, abokan ciniki sun janye, duk saboda mai fassara bai bambance tuhuma da tabbatar da laifi ba.

Haka abin yake ga kishiyarta, “discharge”. A kotunan Najeriya ana cewa “discharged and acquitted”, kuma ba don ado aka jera kalmomin biyu ba. Wanda aka yi wa “discharge” kawai an sallame shi ne, an sauke masa kayan tuhumar a wannan zama, amma a wasu lokuta ana iya sake gurfanar da shi a kan maganar. Wanda aka yi wa “acquit” an wanke shi ne, ba a sake tuhumarsa a kan wannan laifin. Sallama da wankewa kalmomi ne da kowace tsohuwa ta sani, kuma sun fi na Ingilishin fitar da bambancin. A Faransancin kotunanmu kuwa “les charges” sun fi karkata ga hujjojin da suke nuna mutum ya aikata abin, shi ya sa ake cewa “témoin à charge” ga shaidan da ya zo ya ƙara masa nauyi, da “témoin à décharge” ga wanda ya zo ya rage masa. Sannan ga “décharge” da muka saba da ita a ofisoshi, takardar da mutum yake sa wa hannu cewa ya karɓi kuɗi ko kaya. Wani ɗan'uwana da ya kai mahaifiyarsa wani asibiti a Katsina, da aka ce masa ya je ya karɓo “discharge”, sai ya ɗauka wata takardar shaidar biyan kuɗi ce za a sa shi ya sa wa hannu, ya tsaya yana gardama cewa ya riga ya biya, alhali albishir ake yi masa cewa an sallami tsohuwa ta koma gida.

Ƙaramar kalmar da ke biye da ita ma tana juya ma'ana, kuma nan ne ɗalibai suke faɗuwa a jarrabawa. “Charge for” kuɗi ne, “charge with” tuhuma ce ko ɗora amana, “charge at” kai farmaki ne, “charge to” kuma sa kuɗin abu a asusun wani ne. Mafi haɗari ita ce “in charge of” da “in the charge of”. Idan aka ce “the teacher is in charge of the children”, malam ne yake kula da yara. Idan aka ce “the children are in the charge of the teacher”, maganar ɗaya ce amma an faro ta daga yaran, su ne suke hannun malam. Yaron da ya manta da “the” ya rubuta “the children are in charge of the teacher” ya naɗa yara shugabannin malaminsu. Na yi shekaru ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin wannan kuskure.

A wannan fage na ɗaukar nauyi ne Faransanci ya fi yi mana tarko. Duk ɗan Nijar ya san “prise en charge”: ita ce takardar da ma'aikaci yake nema don hukuma ta biya masa kuɗin asibiti, ita ce kuma alkawarin da kawu yake yi cewa ci da sha da kuɗin makarantar ɗan ƙanensa suna wuyansa. “Prendre en charge” ɗaukar ɗawainiya ce, kuma kusan kullum da kuɗi a ciki. “Take charge” na Ingilishi kuwa karɓar ragama ne, mutum ya zama shi ne mai faɗa a ji a wurin, ko da ba zai kashe ko dala ba. Wani tsohon ɗalibina ya sami gurbin karatu a wata jami'a a Najeriya, aka rubuto masa cewa malam wane “is in charge of foreign students”. Mahaifinsa, wanda ya yi boko da Faransanci, ya karanta ya yi hamdala, ya shaida wa dangi cewa an sami wanda zai ɗauki nauyin yaron. Sai da yaron ya isa ya gane cewa malamin jami'in da ke kula da takardun baƙin ɗalibai ne kawai, kuma kuɗin makaranta da na ɗaki suna nan suna jiransa. Uban ya sayar da shanu biyu a gaggauce, a farashin da bai kamata ba. Da a ce sun san haka tun farko, da sun yi tanadi a tsanake bayan kaka.

Masu neman bizar Amurka ma suna cin karo da ita a wata siffa, wato “public charge”, kalmar da ke cikin dokar shige da ficen ƙasar tun 1882, kuma tana nufin mutumin da ake ganin zai zama nauyi a kan baitulmali. A harkar jakadanci kuma Ingilishi bai ko wahalar da kansa da fassara ba, ya ɗauki “chargé d'affaires” na Faransanci yadda yake, wato mai riƙon ofishin jakadanci idan babu jakada. Mai riƙo ita ce Hausarsa, kuma ta wadatar.

Ma'anar farmaki ba ta cika ruɗa mu ba, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Ta fito ne a ƙarni na 16 daga fagen yaƙi, inda ake ɗura makami sannan a afka wa abokan gaba da dukkan nauyin doki da mahayinsa. Turawan Ingila har yau suna tuna ranar da mahayansu sama da 600 suka yi sukuwa cikin bakin igwogin Rasha a Balaklaba a 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, kuma da wannan kalma suke kiran abin da ya faru. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ranar hawan salla, ya ga mahaya sun sako dawaki a guje sun zo sun yi jahi, ya ga siffar abin da ake nufi, sai dai namu gaisuwa ce. Da ita ake faɗin yadda bijimi ko giwa suke tasar wa mutum, kuma muna da afka wa, da far wa, da kai farmaki, da yi kan wane.

Saura ma'ana ta ukun da tsohon direbanmu ya kawo, ta lalube da bincike. Wannan ba ta cikin “charge” na Ingilishi ko kaɗan, “search” suke cewa, Faransawa kuma “fouiller”. Hausa ce ta haɗa su a baki ɗaya, kuma nahawunmu ya ƙara ɗaure ƙullin. Aikatau ɗin da ke nufin neman kuɗi ko tuhuma yana bin tsarin su “saya” da “nema”: muna cewa ya sayi doki, ya saye shi, haka kuma ya caji direba, ya caje shi. Wanda ke nufin bincike kuwa yana bin tsarin su “rufe” da “ɗaure”, ba ya sauya wasalinsa na ƙarshe: ya caje direba, ya caje shi. Da zarar wakilin suna ya biyo baya sai su zama abu guda a takarda. A baki karin sauti yana raba su, domin a na farkon murya tana farawa ƙasa ta hau, a na biyun tana farawa sama ta sauko, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Mai karanta labarai a rediyo yana iya tsira da “an caje su”, mai rubutu a jarida ba zai tsira ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya raba majalisarmu gida uku.

Kada a ɗauka ina cikin masu son a tsarkake Hausa daga aro. Harshen da ya karɓi littafi da alƙalami daga Larabci, ya karɓi mota da tebur daga Ingilishi, ya karɓi lakwal da mushe da jandarma daga Faransanci, ya kuma mayar da su nasa, ba ya tsoron baƙo. Abin da nake ƙi shi ne a bar baƙo guda ya kwana a ɗakuna biyar ya kori masu gida, har mai karatu ya rasa wanda yake magana da shi. Lamarin ya ƙara nauyi a wajenmu tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ma'anar wannan a aikace ita ce takardun hukuma da na kotu da na kasuwanci za su riƙa zirga-zirga tsakanin harsunan nan uku fiye da da, kuma mafi yawan masu fassarar matasa ne da suka koyi Hausar rubutu daga jaridu irin taku da kuma abin da suke gani a Facebook. Abin da kuka rubuta yau shi za su ɗauka daidai ne gobe, su sa shi a takardar da wani zai sa wa hannu.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Na farko, ku umarci masu fassara da masu tace labarai cewa duk inda suka ci karo da “charge” su tsaya su duba abin da aka aza da wanda aka aza wa, sannan su zaɓi kalmar Hausa da ta dace da wurin: tuhuma a kotu, tara ko haraji ko lada a harkar kuɗi, kula ko riƙo ko shugabanci a ofis, farmaki a fagen fama, bincike a shingen hanya, su bar wa waya da batir cajinsu. Na biyu, ku ware ɗan fili ko da sau ɗaya a wata domin irin waɗannan kalmomi da suke da fuska ɗaya a Ingilishi da Faransanci amma zuciyarsu daban, domin suna da yawa, kuma mu mazauna bakin iyaka mu ne muke biyan kuɗin ruɗanin. Akwai malamai a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi da sauran makarantu da za su iya ba da gudummawa, ni ma a shirye nake in aiko da abin da na tara a littattafan darasina, in fara da “library” da “librairie”, waɗanda suka sha tura ɗalibaina kantin sayar da littattafai alhali ɗakin karatu aka aike su.

Game da direbobin hanyar Ɗan Isa kuwa, muna roƙon wakilinku ya koma ga majiyarsa ya gaya mana a fitowa ta gaba ko kuɗi aka karɓa a hannunsu, ko kotu aka kai su, ko kayansu aka bincika, domin biyu daga cikinsu ƴan unguwarmu ne kuma iyalansu suna tambaya.

Allah ya ƙara basira, ya ja zamanin jaridarku.

Naku mai karatu a kullum,
Tsohon malamin Ingilishi,
Unguwar Zariya, Maraɗi